Inji mai shan baƙin mai: can a buɗe ba awo, nan a auna a ƙi buɗewa

Tsohuwar motata ce ta fara shan baƙin mai kamar rakumi ya samu ruwa, duk sati biyu in na zaro gej sai in ga ya sauka, ga wani shuɗin hayaƙi da take saki in na taka ta. A nan Ingila kuma kusan duk motar da ta wuce shekara 3 dole a kai ta gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota, duk shekara, in salansa na fitar da shuɗin hayaƙi mai kauri faɗuwa za ta yi, ba wani a yi haƙuri oga.

Na kai ta gareji. Baturen ya zare filogi duka, ya ɗaura agogon auna kwamfireshin, wato ƙarfin matse iska, a kowace silinda yana rubutawa, biyu suka fito ƙasa da sauran sosai, alhali dama bai kamata tazarar ta wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Sai ya ɗiga baƙin mai kaɗan a cikinsu ya sake gwadawa, allurar ta haura. Ya ce ringin fistin ne, domin man ya toshe inda iska ke zurarewa, da bawul ne da ba abin da zai canza. Minti 20 ya gama gano ciwon. Na ce to yaushe za a sauke injin? Ya kalle ni kamar na zage shi, wai kuɗin aikinsa kaɗai zai fi kuɗin motar, in sayar da ita gwangwan in huta.

Wallahi a nan na tuna makanikan gida. Da can ne kafin ka gama bayani an ce "ringi ne Alhaji", yara sun kwance top, wato kan inji, kafin la'asar fistin na cikin daro ana wanke su da fetur. Ba sa tsoron inji ko kaɗan kuma wannan abin yabo ne. Matsalata da su ɗaya, ba a awo. Da kunne ake gano ciwo, da ƙarfin dantse ake ɗaure noti. Sau nawa aka sauke lafiyayyen inji saboda ɗan bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin mai daga cikin inji, da ya toshe, abin da za ka canza a tsaye? Ko robobin bawul ne suka bushe, alamarsu ma a fili take, hayaƙin da safe yake fita in ka tayar da ita ko bayan ta daɗe a silo, sai ya ɗauke, na ringi kuwa sai ka ba ta wuta yake ƙaruwa. Farin hayaƙi mai ɗan zaƙi-zaƙi shi kuma ruwa ne ke shiga, gaskit kenan, baƙi kuma fetur ya yi yawa, amma wasu duk hayaƙi ringi ne a wurinsu.

Ni dai a ganina gyaran mai sauƙin kuɗi yana yiwuwa, kuma mu muka fi gaskiya da ba ma yar da inji, sai dai arahar a wajen awo take. Kowane fistin ringi 3 ne da shi, biyu na riƙe kwamfireshin, na ƙasa shi ke share mai daga bangon silinda ya mayar da shi ta wasu ƙananan ramuka. Sau da yawa ma ba cinyewa ya yi ba, dauɗa ce ta daskare ta kama shi saboda an daɗe ba a yi juye ba. Injin 1ZZ na Corolla ƙirar 1998 zuwa 2002 ya yi suna da wannan toshewar. To in silindar ba ta zaizaye ba, a goge ta da dutsen honin ta yi wannan zanen gicciye da ke riƙe mai, a wanke ramukan fistin, a sa sabon ringi da metal (faifan ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kai) da gaskit da robobin bawul, shi kenan. Dutsen honin fa, ba sanfefa a naɗe a hannu ba, na sha ganin haka da idona. Amma in ta buɗe ta sama ko ta zama kamar ƙwai, sabon ringi asarar kuɗi ne kawai, wata uku hayaƙi ya dawo, dole a kai bulok a faɗaɗa a sa fistin mai ƙarin 0.25 ko 0.50 milimita. Kuma yatsa ba zai gaya maka wanne ne ba.

Masu cewa a zuba mai mai kauri kuwa, rufe tukunya ne kawai. Hayaƙi zai ɗan ragu amma man yana ci gaba da ƙonewa, yana ɓata filogi yana toshe abin nan na cikin salansa da makanikai ke ce wa indomi. Sayen injin Beljiyam, wato tsohon inji daga waje, shi ma caca ce, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, ƙila shi ma shan man ne ya sa aka cire shi.

Ƙarshe ni da wani maƙwabcina ɗan fansho muka yi aikin a garejinsa cikin sati uku, duk Asabar da Lahadi. Dattijon ya fi ni haƙuri nesa ba kusa ba, kowane ringi sai ya tura shi cikin silinda ya auna gibin bakinsa, wajen sawa kuma ya karkatar da bakunan kada su yi layi ɗaya, metal ɗin ma sai da ya sa wani siririn zaren roba ya matse ya ga tazarar. Notin top kuwa da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa waje kamar yadda littafin motar ya ce. Ni ina ta gunaguni a raina wai da gida ne da tuni ina kan titi.

Ya ce kilomita 1,000 na farko kar in bar ta a silo kuma kar in riƙe gudu ɗaya, in riƙa hawa ina sauka don ringin ya zauna, sannan in juye man da wuri. Jiya na zaro gej bayan kilomita 800, yana nan inda muka bar shi. Wata mai zuwa ne MOT.