Densu bai san iyakar asambili ba

Makon jiya na raka wani abokina Bojo, bakin tekun nan na yammacin Akara inda kogin Densu ke shiga teku. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san sai an shiga kwalekwale an tsallake ruwa kafin a taka yashin bakin teku. Muna tsakiyar ruwa na hango mata sun nutse har ƙugu suna laluben kawa, wannan naman ruwa mai ɓawo biyu, kowace da robarta a gefe. A gefensu kuwa ledojin fiya wata ne ke yawo, da takalmi ƙafa ɗaya. Mai tuƙin ya ga ina kallo, ya ce, "Malam, wannan ba sharar garinmu ba ce, daga sama take zuwa."

Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Kogin Densu daga tsaunukan Atewa yake tasowa, ya ratso Nsawam, ya taru a madatsar Weija wadda yammacin Akara ke sha, sannan ya gangaro nan inda ruwan daɗi ke gauraya da ruwan gishiri. Tun 1992 aka sa wurin cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta ce a kare. Takarda kam akwai ta. Amma kafin ruwan ya iso teku ya bi ta ƙasar ƙananan hukumomi da yawa, kowace da shugabanta da kasafinta da masu ba da izinin gini. Wannan ta hana zubar da bola a bakin kogi, ta gaba ta kau da kai. Wannan ta ƙi sa hannu a kan fili, a tsallake titi a samu a waccan. Jihar Akara kaɗai yanzu asambili, wato ƙananan hukumomi, 29 ne. An yi ta yanka su wai don a kawo mulki kusa da jama'a, to madalla, amma kogi guda ne.

Abin da ya fi ba ni kunya a madadin manya shi ne matan nan sun riga su. Masu tsintar kawa na Tsokomey da Bortianor da Tetegu sun ga abin yana raguwa, ɓawon yana ƙanƙancewa, suka haɗa ƙungiya ɗaya. Daga 2017 suka amince a rufe tsinta wata biyar, daga Nuwamba zuwa Afrilu. Wata biyar fa, ga mace mai ciyar da gida da abin da ta tsinto da safe! Suka riƙa dasa itatuwan mangurof, waɗanda saiwarsu ke riƙe laka, ƙananan kifaye su ɓuya a ciki. Suka riƙa mai da tsohon ɓawo cikin ruwa don 'ya'yan kawa su samu abin maƙalewa. Ƙauyuka uku, babu motar ofis, babu alawus na zama.

Ba wai babu inda hukumomi za su haɗu ba. Akwai kwamitin kula da kwarin Densu tun 2004, kuma asambili suna da kujeru a ciki. Ni dai abin da nake nema ya wuce zama a sha shayi: dokar gini ɗaya daga Nsawam har bakin teku, asusu ɗaya da kowace za ta zuba wa, wadda ta ba da izini a cikin dausayi a ambaci sunanta a fili. Da aka buɗe ƙofofin madatsar Weija a Oktoban 2022, ruwa ya shiga gidaje a Tetegu da Oblogo bai tambayi kowa inda yake biyan haraji ba.

Kada ɗan zango ya ce ina ruwansa. Babbar kwatar Nima a kogin Odaw take ƙarewa, Odaw kuma a tafkin Korle. Dattawanmu sun ce a da ana kamun kifi a Korle. Yau in trotro ya bi ta wajen, kowa hannu a hanci. Ledar da muke jefawa in hadari ya haɗu, muna cewa ruwa zai tafi da ita, can take sauka. Mu ne "daga sama" ɗin da wani mai kwalekwale yake nufi.

Ɗan asambilin unguwarmu zai zo neman ƙuri'a kamar kullum. Na riga na shirya masa tambaya: sau nawa ka zauna da takwaranka na ƙasa da mu a kan kwatar nan?