Minti takwas ɗin da Kefla ya ƙi rufe ido a kansu

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗa. Duk lokacin da aka sanar cewa ran kaza za a yi husufin wata ko na rana sai ka ga an taso, wannan ya ce ai duba ne, wancan ya ce shisshigi ne cikin gaibu, wani ma har da rantsuwa wai bokaye ne ke gaya musu. Wallahi abin na min ciwo, domin aikin da mutane suka ƙarar da rayuwarsu a kai ne ake haɗawa da bugun ƙasa.

Ni na ga husufin ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da idona a Katsina, lokacin ina sakandare. Tun kwanaki kafin ranar rediyo ke ta faɗa, har lokacin sun faɗa. Da hantsi haske ya fara yin wani iri kamar an shafa wa gari toka, iska tai sanyi, kajin gidanmu suka nufi akurki, can sai ga duhu, sai ga Zara ta fito tsakar rana, ko'ina kabbara kake ji mutane na ta nufar masallaci. Bayan an idar da sallah tambaya ɗaya ce ta tsaya min a rai, ta yaya suka sani? Ita ta kai ni ga labarin wani Bajamushe Yohanes Kefla.

A 1600 ya je birnin Firag na ƙasar Cek ta yanzu wajen Taiko Barahe, wani ɗan Denmak da ya shafe shekara kusan 20 a wani tsibiri yana auna matsayin taurari dare bayan dare, kuma fa lokacin babu madubin hangen nesa, ido ne kawai da manyan kayan awo na katako da ƙarfe. Taiko ya rasu a 1601, tulin lissafin ya koma hannun Kefla, aikinsa kuwa ya gano hanyar da Mirrihi ke bi, jar tauraruwar nan. Ita dama ta daɗe tana wahalar da masana, don kusan duk wata 26 sai ka ga ta tsaya a sama, ta koma da baya na wasu makonni sannan ta ci gaba da tafiya.

Toh a lokacin kowa ya yarda cewa tafiyar sama dole da'ira ce cif, tun daga Girkawa har Kofanikos da ya ce a 1543 ƙasa ce ke zagaya rana, shi ma bai saki da'ira ba. Kefla ma haka ya yarda, ya zauna yana lissafi da hannu, ya maimaita kusan sau 70, ya samu tsarin da ya kusa dacewa, sai da ya gwada shi da sauran awon Taiko ya ga saɓanin minti 8. Ba mintin agogo ba, na kusurwa, wato ka raba digiri ɗaya gida 60. Faɗin wata daren sha huɗu kusan minti 30 ne, kenan duk kuskuren kusan kwatan faɗin wata ne kawai.

Ku tsaya ku yi tunani a nan don Allah. Mutum ya yi shekaru yana wahala, mai awon ya rasu, babu wanda zai kama shi in ya ce hannun Taiko ne ya karkace. Amma ya san awon Taiko ba ya kuskure ya kai haka, sai ya ajiye aikinsa ya koma farko. Har ya gano hanyar da'ira ce mai ɗan tsawo, irin wadda za ka zana in ka kafa turaku biyu a ƙasa ka zura musu igiya ka ja ta da tsinke kana zagayawa, rana tana wajen turke ɗaya. Ya kuma gano in duniya irin Mirrihi ta matso kusa da rana tana ƙara sauri, in ta yi nisa ta rage. A 1609 ya fitar da wannan.

Ni a wajena wannan shi ne kimiyya gaba ɗayanta, ka kawo zato, ka auna, in awo ya ƙaryata ka ka haƙura ko da kana son zaton kamar ranka. Mai duba in maganarsa ba ta faru ba cewa zai yi ba ka cika sharaɗi ba ko an yi maka asiri, bai taɓa yin kuskure ba shi. Mai ilimin falaki kuwa rana da minti da garin da inuwa za ta bi yake ba ka tun da wuri, in ya kuskure duniya duka ta gani.

Kuma masu cewa kayan Turawa ne, Ibnul Haisam haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira littafi guda ya rubuta na shakku kan Batlamiyus, masanin falakin Girkawan dā wanda a zamanin ba a ja da maganarsa. Ibnush Shaɗir da ya rasu a 1375 aikinsa fitar da lokutan sallah a masallacin Umayyawa na Dimashƙa, kuma tsarin da ya yi na tafiyar wata kusan shi aka gani a aikin Kofanikos daga baya. Mai tsayar da lokacin sallah fa. Kalandar sallah da ke manne a bangon masallacin unguwarku da wannan lissafin aka yi ta, muna dubawa kullum mu yi buɗa baki babu mai cewa duba ne.

Ni kaina na daɗe ina ɗauka zafin bazara saboda mun matso kusa da rana ne. Ashe farkon Janairu muka fi kusa, kilomita miliyan 147, lokacin muna cikin hunturu ana jin ɗumi, farkon Yuli kuma miliyan 152. Karkatar ƙasa ce da digiri 23 da ɗoriya ke kawo sauyin yanayi. Da na ga alƙaluman dole na sauke abin da na riƙe.

Abin da nake roƙon malamanmu na makaranta, ku daina tsayawa kan haddar sunayen duniyoyi kawai, ku fitar da yara waje. Ni da ƙanina mun kafa sanda a tsakar gida, duk Juma'a in rana ta take yana auna inuwarta da tef ɗin ɗinkin mamanmu ya rubuta a bayan littafinsa. Yanzu wata na huɗu kenan, da kansa ya zo ya same ni yana tambaya me ya sa inuwar ke ta gajarta.