Ma'aikaciya da goyonta: a ba su ɗaki, a daina zare musu ido

Duk mai shiga ofisoshin gwamnati da makarantun firamare a Gusau ya san jarirai sun daɗe da zama 'yan wurin aiki. Wani yana bayan malama tana rubutu a allo, wani a kan zani ƙarƙashin tebur, wani a hannun ƙaramar yarinya a gindin bishiya. Gardamar ko ya dace a zo da su ta wuce. Abin da ya rage a tattauna shi ne inda za a kwantar da su da wanda zai kula da su.

Lissafi ne ke kawo su, ba son rai ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Wato da an fita arba'in sai komawa aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da hutun da ya ɗara haka. A ɗaya ɓangaren kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan asibitinmu suna cewa a ba jariri nonon uwa zalla, ko ruwa ban da shi, har wata shida, kusan mako 26 ke nan. Legas da Kaduna sun cike wannan giɓi da hutun wata shida ga ma'aikatansu. Inda ba a yi haka ba, an bar uwa da umarni biyu masu karo da juna.

Dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. To amma wadda ke aiki a sakatariya, gidanta yana Damba ko Samaru, wannan rabin awar a jiran keke-napep za ta ƙare. Jariri ɗan wata biyu kuwa yana neman nono sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da kwana.

Sai a ce ta tatsa ta bari a gida. Shawara ce mai kyau, sai dai tana da sharuɗɗa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 25 ba, yana kwana huɗu a firji, yana yini da kwana a kula mai ƙanƙara. A Gusau cikin Afrilu zafi kan haura digiri 40, firjin da ba wuta kuma akwati ne kawai. Da nonon ya ƙare ko ya lalace, jariri na tsala kuka, wanda aka bar wa shi zai ɗura masa ruwa ko kunu ko madarar gwangwani a bulumbotin da ba a tafasa ba, daga nan gudawa ke farawa. Ita ma uwar, in ta yi awa shida ko bakwai ba ta shayar ba, nono zai cika ya yi mata ciwo, wani lokaci har da zazzaɓi, sannan ruwan ya riƙa raguwa, domin gwargwadon tsotso jiki ke kawo shi.

Saboda haka ina goyon bayan a zo da jariri wurin aiki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye shi a kan aikin.

Abin da ake bukata ɗaki ne guda a cikin harabar ma'aikata, wanda uwa za ta isa cikin minti biyar da ƙafa. Ya kasance da taga biyu masu raga, da fanka, kuma nesa da janareta, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba. Kowane jariri da tasa katifa mai tauri da leda da gidan sauro, a kwantar da shi rigingine, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuska. A sa bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, da kwandon shara mai murfi don famfas. A rufe soket, a ɗauke hita da filas ɗin ruwan zafi daga ƙasa, musamman in akwai masu rarrafe. Mai raino ta zama babbar mace, kada a haɗa mata fiye da jarirai uku ko huɗu. A ajiye littafi na sunan yaro da lambar wayar uwa da lokacin da ya sha nono, a kuma duba katin rigakafi kafin a karɓe shi. Mai zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje ya zauna gida, a ba uwarsa izinin ranar ba tare da dogon turanci ba. In aka ƙi ba ta izinin, ɓoye ciwon za ta yi ta kawo shi, ya shafa wa saura.

Batun babbar mace ba ƙawa ba ce. 'Yar rainon da ake gani a gindin bishiya sau da yawa ba ta wuce shekara goma ba, kuma a wannan sa'ar aji ya kamata ta kasance. Malamar da ke koyar da 'ya'yan wasu alhali an hana wata yarinya karatu don ta riƙe mata goyo, an warware matsala ɗaya ne da ƙulla wata.

Akwai kuma wuraren da ko da ɗaki, kada jariri ya leƙa bakin aikin. Ma'aikaciyar jinya ba za ta shiga ɗakin marasa lafiya da goyo ba: allurar ƙyanda sai a wata tara ake yi, ga tarin fuka, ga sanƙarau a lokacin zafi. Ta wanke hannu, ta cire rigar aiki kafin ta je shayarwa. Haka gonar da aka yi wa feshi da wurin suya mai hayaƙi. Mu a Zamfara mun ga mafi munin misali a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Jariri yana shaƙar ƙurar wurin aiki, yana kuma kai hannu baki.

Shugaban ma'aikata zai ce ba kuɗi, kuma kukan yara yana hana aiki. Kukan gaskiya ne, shi ya sa ake neman ɗaki daban. Kuɗin kuwa bai taka kara ya karya ba: yawancin ma'aikatu suna da wani sito cike da karyayyun kujeru da tsoffin fayil. Ma'aikata ta ba da ɗaki da wuta da ruwa, iyaye mata su haɗa albashin mai raino a wata. A sakatariya, ma'aikatu uku ko huɗu za su iya tarayya a ɗaki guda. Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha zai iya fitar da takardar umarni a kan haka, ta fayyace shekarun yaran da za a karɓa da lokutan shayarwa, don kada hakkin uwa ya dogara ga ko oganta mai sauƙin kai ne.