Ga mai riga cike da tambarin talla

Jiya da daddare na sake kallon Mystery Men, fim ɗin barkwancin nan na Amurka da ya fito a 1999, sai na tarar ashe wani da na sani nake kallo, har tafiyar tasa ce.

Finafinan ƙananan jarumai irin wannan hanyarsu ɗaya ce. A tara mutanen da baiwarsu ba ta taka kara ta karya ba: wannan shebur ne makaminsa, kullum yana fita da dare matarsa na mita a gida, wancan cokali mai yatsu yake jifa, ga yaron da ke ɓacewa, amma fa sai in ba mai kallonsa. A kawo musu wani malami mai juya zance gaba da baya ya horar da su, su sha kashi a karon farko, su yi rigima a tsakaninsu, su dawo su haɗa kai. Wannan kowa ya saba gani.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne Captain Amazing, gwarzon birnin, wanda rigarsa ba masaka tsinke don tambarin kamfanoni. Da miyagu suka ƙare, masu talla suka fara ja da baya, sai ya je da ƙafarsa ya sa aka sako wani mugu mai suna Casanova Frankenstein daga gidan mahaukata, don kawai ya samu abokin faɗa sunansa ya dawo bakin mutane.

To akwai wani a harkarmu ta gajerun bidiyon barkwanci da haka yake rayuwa. Da wayata aka ɗauki bidiyonsa na farko. Ni na riƙe masa fitila a soro ranar da aka ɗauke wuta, hannuna har ya ƙage, yana ta maimaita layi ɗaya. Yau ya samu masu ba shi talla, mu kuma mun zama "'yan cike gurbi" a bakinsa. Wallahi kalmar nan ta yi min ciwo, don yaran da yake faɗa wa haka su suka rubuta masa abin da ya fara ba mutane dariya. Kuma da ya ga masu kallo sun ragu, sai ya tono wata tsohuwar rigima ya hura mata wuta, ya dawo yana cewa hassada ake masa. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

A fim ɗin, mugun da Captain Amazing ya sa aka sako ne ya kama shi ya ɗaure a kujera. Masu shebur da cokali suka zo cetonsa, yana ɗaure yana musu tsawa, bai fita da rai ba. Su ne kuma suka ceci birnin.

Ranar Asabar muna da ɗauka, a soron nan dai, da fitilar nan dai. An riga an raba kowane matsayi, babu wanda ya rage.