Kuɗin kirifto a hannun masu mulki: bayyana kadara kaɗai ba ya wadatarwa

Ranar 17 ga Janairun 2025, saura kwana 3 a rantsar da shi a karo na biyu, Donald Trump ya ƙaddamar da kuɗin kirifto mai ɗauke da sunansa, $TRUMP. Kamfanoni biyu masu alaƙa da shi ne suka riƙe kashi 80 cikin 100 na sulallan, suna kuma cin kamasho a kan saye da sayarwar da ake yi. A ranar 22 ga Mayu aka shirya liyafa a filin wasan golf ɗinsa da ke jihar Virginia domin mutum 220 da suka fi kowa zuba kuɗi a ciki. Cikin baƙin har da Justin Sun, ɗan kasuwar da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta jingine ƙarar da ta shigar a kansa a watan Fabrairun shekarar.

Fadar White House ta ce babu laifi, domin dukiyar shugaban tana cikin asusun amana da 'ya'yansa ke kula da shi. Dokar Amurka da ta hana ma'aikaci sa hannu a lamarin da yake da riba a ciki ta keɓe shugaban ƙasa da mataimakinsa. Amma a watan Yulin 2022 ofishin ɗa'ar ma'aikatan gwamnatin ƙasar ya fayyace cewa ma'aikacin da ya mallaki kirifto, komai ƙanƙantarsa, ba zai taɓa aikin tsara manufar da za ta shafi darajarsa ba. Ke nan an ɗaure ƙaramin ma'aikaci, an bar wanda ke naɗa shugabannin hukumomin da ke sa ido a kan kasuwar.

Abin da ya bambanta kirifto da gona ko otal shi ne rashin fuska. Kowa, daga kowace ƙasa, yana iya sayen sulallan ta jakar intanet, wato ma'ajiyar kuɗin kirifto, da ba ta ɗauke da suna, farashi ya tashi, ribar ta faɗa aljihun mai mulki, ba tare da an miƙa ambulan ko an sa hannu a wata takarda ba. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana jami'i karɓar kyauta daga gwamnatin waje sai da yardar majalisa, to amma a watan Mayun 2025 kamfanin MGX mai alaƙa da gwamnatin Abu Dhabi ya yi amfani da USD1, kuɗin kamfanin World Liberty Financial mai alaƙa da iyalan Trump, wajen zuba dala biliyan 2 a Binance, dandalin saye da sayar da kirifto. Ranar 18 ga Yuli Trump ya sa hannu a dokar GENIUS da ta tsara kuɗin kirifto irin USD1 da darajarsu ke ɗaure da dala, a watan Oktoba kuma ya yi wa Changpeng Zhao, wanda ya kafa Binance, afuwa. Ba sai an tabbatar da cewa ciniki aka yi kafin abin ya dami mai hankali ba, domin aikin dokar ɗa'a shi ne toshe ƙofar zargi tun kafin a kai ga kotu.

Masu cewa jami'i ma yana da haƙƙin neman halaliyarsa suna da gaskiya, sai dai mallakar kadara daban, ƙirƙirarta da tallata ta daga kan kujera daban. A Fabrairun 2025 shugaban Ajantina Javier Milei ya tallata kuɗin kirifto mai suna $LIBRA da saƙo ɗaya a shafin X, cikin sa'o'i darajarsa ta rushe, masu saye suka tafka asara. A ganina dole ne doka ta haramta wa duk mai riƙe da muƙami, har shugaban ƙasa da iyalansa na kusa, fitarwa ko tallata irin wannan kuɗi, ta kuma tilasta masa sayar da wanda ya mallaka kafin ya kama aiki.

Najeriya ma ba ta tsira ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta amince da kadarorin intanet, alhali kundin tsarin mulki na 1999 asusun banki a ƙasar waje ya hana shugaban ƙasa, gwamnoni, ministoci da 'yan majalisa buɗewa, kuma jakar kirifto ba banki ba ce. Ya kamata Majalisar Tarayya ta faɗaɗa wannan hani, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma ta riƙa karɓar adireshin kowace jaka ta jami'i tana bin sawun abin da ke shiga cikinta.