Gawayin Pompeii bai isa ya ƙaryata Pliny ba

A 2018 masu tonon kayan tarihi a Pompeii ta ƙasar Italiya sun ci karo da wani ɗan rubutu na Latin da aka yi da gawayi a bangon wani gida da ake cikin gyaransa lokacin da bala'i ya auku. Abin da ya tayar da ƙura shi ne kwanan watan da ke jiki: saura kwana 16 a shiga Nuwamba, wato 17 ga Oktoba a lissafinmu. Nan take jaridu suka ɗauka, wai an gano dutsen Vesuvius bai yi aman wutar da ta binne garin ranar 24 ga Agusta na shekara ta 79 Miladiyya ba, sai a Oktoba.

Ni dai gaggawar nan ba ta kwanta min ba.

Ranar Agustan daga wasiƙar Pliny Ƙarami, wani marubucin daular Rum, ta fito, wadda ya aika wa masanin tarihi Tacitus. Yana ɗan shekara 17 ya ga abin da idonsa daga garin Misenum da ke ɗaya gefen gaɓar tekun, kawunsa kuma a ciki ya rasu. Gaskiya ne sai bayan shekara ashirin da wani abu ya rubuta ta, kuma ta bi ta hannun masu kwafa ƙarni bayan ƙarni, har kwafe-kwafen suka saɓa da juna a kan ranar. Masu ra'ayin Oktoba kuma ba hannu rabbana suka zo ba: an tono rumman da sauran 'ya'yan itacen kaka, da kaskon jin ɗumi a ɗakuna, da tulunan giya da aka riga aka liƙe bakinsu. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Amma shi rubutun bangon babu shekara a jikinsa! Mai gawayin ya sa rana da wata, ya yi gaba abinsa. Dukkan hujjar rubutun ta tsaya ne a kan zaton cewa gawayi ba ya daɗewa a bango, don haka dole a shekarar aka yi shi. To daga baya su kansu ma'aikatan Pompeii suka gwada, suka yi rubutu da gawayi suka bar shi, bayan wata goma yana nan ana karantawa. Ke nan ba abin da zai hana a ce tun Oktoban 78 aka rubuta shi.

Labarin 2018 ya zagaye duniya cikin kwana ɗaya. Na gwajin kuwa, mutum nawa ne a cikinku suka taɓa jin sa?