Kafin ka ɗaga waya a kufai ko wurin ibada

'Yan uwa matasa masu yawon buɗe ido yau da ku nake, musamman ku da kuna sauka ko jaka ba ku ajiye ba waya ta riga ta fito. Ni ma ina ɗaukan hoto fa, ba wanke kaina nake ba, amma gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ginin da ka tarar ya shekara ɗari biyar ko dubu a tsaye ba situdiyo ba ne. A 2016 a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal wani saurayi ya ɗare kan mutum-mutumin Sarki Sebastiao da ke ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Rossio wai zai yi selfi, abu ya rikito ya tarwatse, abin da ya shekara 126 a wurin ba wanda ya taɓa shi. Garin neman gira an rasa ido kenan, shi kuma ya ƙare a hannun 'yan sanda. Dalar Chichen Itza a Meziko tun 2008 aka hana hawanta, amma har yanzu sai ka ga wani ya tsallake igiya ya haye don bidiyon sakan goma. Kai kana ganin ƙafa ɗaya ce me za ta yi wa dutse, ka manta dubban ƙafafu ne kullum, a haka matakala ke zaizayewa, rubutun bango ya shafe saboda maiƙon hannun masu jingina. Masu kankare sunansu a bango kuwa, kamar wanda aka kama a Kolosiyam, tsohon dandalin wasanni na birnin Rum, a 2023, ban ma san me zan ce musu ba, wa ya tambayi sunanka?

Amma inda abin ya fi ci min rai shi ne wuraren ibada. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, Allah ya kai shi Harami, sai ya tsaya cak a tsakiyar masu ɗawafi ya juya wa Ka'aba baya yana gyara harami yana laif, tsofaffi da masu keken guragu na bayansa suna cin karo da shi, ya ɗaga hannu kamar mai addu'a alhali leɓensa ko motsi ba ya yi, jira yake abokinsa ya ce ya fito. Haba ɗan uwa. Ban ce hoto ɗaya na tarihi laifi ba ne, wannan aikin malamai ne, amma kai ma ka san inda niyya ta fara karkata zuwa riya. Sannan bawan Allah yana kuka yana kai kukansa ga Ubangijinsa ka saita shi da kyamara ka watsa wa duniya, da mahaifinka ne za ka so?

Haka wurin ibadar da ba na addininka ba, in ka shiga bi dokarsu ko ka haƙura da shiga. Cocin Sistine da ke Batikan ba a ɗaukan hoto a ciki sam. Taj Mahal na Indiya ka ɗauka a waje son ranka, amma cikin ɗakin kabarin an hana. A Siri Lanka a 2012 wasu Faransawa uku sun sha ɗaurin talala saboda hoton da suka yi kamar suna sumbatar gunkin Buddha, a can ko juya masa baya ka yi don hoto raini ne. Aya Sofiya ta Istanbul da aka gama gininta a 537 ta koma masallaci tun 2020, ke nan akwai masu sallah a ciki, ba kai kaɗai da wayarka ba.

In hoto mai kyau kake so ka yi sammako ko ka bari sai la'asar sakaliya, lokacin rana ta kwanta inuwa na fito da zanen dutse, cunkoso ma ya ragu. Kashe filash a cikin gini, kar ka tashi diron, wato ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara, sai da izini. Ka zaga wurin tukuna da idonka, ka karanta allon bayani ko da layi biyu ne, sannan ka tambayi mai gadi ko an yarda a ɗauka, sau da yawa ma shi zai nuna maka kusurwar da ginin ya fi fitowa.